Zauren Mai Faifai: Ranar da Mawaƙi Ya Yi Shiru, Makaɗansa Suka Zo Na Ɗaya

Assalamu alaikum, masu karatu. Hunturun bana ya kama mini gwiwa, kwana goma ban leƙa ko bakin titi ba, sai na zauna a zaure da bargo da tabarau na bi wasiƙunku ɗaya bayan ɗaya. Huɗu a cikinsu sun bi hanya guda, wato kiɗan kaboyin Amurka da ake kira kantiri, da mutanen nan da ke tsayawa a bayan mawaƙi ba a san sunansu ba. Su na ɗauko. Mai tambaya a kan robar tsohuwar rakoda, ka yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Baba Mai Faifai, ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Ni tela ne a unguwar Zariya nan Maraɗi. Gardama ce ta kaure a fadarmu. Wani abokinmu direban babbar mota ya kunna mana wani kiɗa a salularsa, gita ce zalla da ganga, ba waƙa ko baiti ɗaya. Ya ce sunansa “Buckaroo”, wai ya taɓa zama na ɗaya a duk Amurka, kuma wai ba mawaƙin ne ya yi shi ba, yaransa makaɗa ne. Ni na ce ba ta yiwuwa, wa zai sayi faifan da ba a ce komai a ciki ba? Mun yi da shi duk wanda ya faɗi shi zai sayi ganyen shayi da sukari na mako guda. Baba, a raba mu.

AMSA: Ɗana tela, ina amsawa, jiki da sauƙi. Kai ka sayo ganyen shayin, direba ya sayo sukarin, don kowannenku ya faɗi rabi.

Ga inda direba ya kayar da kai. Kiɗan nan ya fito a 1965 daga kamfanin Capitol, a ƙaramin faifan garmaho mai juyi 45 a minti, irin mai kiɗa ɗaya a kowace fuska. Wajen minti biyu ne kacal, kuma ba wanda ya buɗe baki a ciki. A makon ƙarshe na Disamban 1965 ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin kantiri na mujallar Billboard, ya yi mako biyu a wurin, a can ya shiga sabuwar shekara. Tun daga lokacin har yau, fiye da rabin ƙarni ke nan, ba a ƙara samun kiɗa marar waƙa da ya zo na ɗaya a wannan jadawali ba.

Ga kuma inda ya zarme. Na ɗaya ne a cikin kiɗan kantiri kawai. A babban jadawalin Hot 100, inda ake gwama kowane irin kiɗa wuri guda, iyakarsa na 60. Sannan in ka ɗauki faifan ka karanta, sunan maigidan ne a gaba, Buck Owens, sannan na yaransa, Buckaroos. A lissafin Billboard ma cikin faya-fayan Buck Owens guda 21 da suka zo na ɗaya aka zuba shi. Hannun da ya yi aikin dai na wani saurayi ne mai suna Don Rich, shi ke jan gitar gaba, yana da shekara 24 a lokacin. Tare da shi akwai Doyle Holly a gitar bas, Tom Brumley a gitar kwance, da Willie Cantu a ganguna, wanda ya shigo ƙungiyar bai cika shekara ashirin ba. Wanda ya tsara kiɗan kuma wani Bob Morris ne, makaɗi a garin nasu, Bakersfield.

Za ka ce ashe dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai ƙamshin gaskiya, amma kada ka yi saurin yanke wa Buck Owens hukunci, don shi kansa daga baya ya taso. An haife shi a 1929 a jihar Tekzas, iyayensa manoma ne da fari da guguwar ƙura suka kora a 1937. Mu da muka ga farin 1973 da na 1984 ba sai an yi mana bayanin irin wannan ƙaura ba. A 1951 ya sauka a Bakersfield, garin rijiyoyin mai da gonakin auduga a Kalifoniya, cike da 'yan cin rani irinsa daga Oklahoma da Tekzas. Shekarunsa na farko a can gita yake buga wa wasu mawaƙa, a gidajen rawa da kuma sutudiyon Capitol, a biya shi ladan yini ya koma gida. Ya san ɗacin tsayuwar baya tun kafin ya samu tasa ƙungiyar.

Shi ya sa ya yi abin da ba a saba yi ba. A Nashville, cibiyar kantiri, al'adar zamanin ita ce mawaƙi ya bar yaransa na yawo a waje, ya shiga sutudiyo da wasu ƙwararrun 'yan haya da ke buga wa kowa. Furodusoshi irin su Chet Atkins da Owen Bradley sukan lulluɓe waƙa da gogunan Turawa da muryoyi masu taushi, ta fito sumul kamar an yi mata guga. Buck ya ƙi. Mutanen da yake kwana a mota da su, su yake shiga sutudiyo da su, furodusansa Ken Nelson kuma ya ƙyale shi. Gitarsu Fender Telecaster ce, mai kaifin murya kamar algaita, don a gidan rawar ma'aikatan mai in kiɗanka ba shi da kaifi hayaniya ce za ta haɗiye shi. Har gwada faifansu suke yi da ƙananan lasifikokin mota kafin su sake shi, saboda sun san a rediyon mota talaka zai ji shi. To mutum ya yi shekara biyu yana jin wannan gitar a bayan muryar Buck, tun daga 1963 da suka fara zuwa na ɗaya. Ranar da aka cire muryar aka bar gitar, kunnensa ya riga ya san ta.

Kai kuma da kake cewa wa zai sayi abin da ba a ce komai a ciki ba, anya ɗan Maraɗi ne kai? Je ka filin kokuwa na Kantu ranar da ake gasa. Kafin ɗan kokuwa ya fito daga cikin mutanensa, ganga ce ke kiransa, ba wanda ya ambaci suna amma duk filin ya san wa ake nufi, shi ma jikinsa ya fara tsuma. “Buckaroo” taken ƙungiyar ne, da shi ake gane su a dandali. Bambancin kawai, namu taken akwai magana a ƙarƙashinsa, mai kunne zai iya fassara maka abin da ganga ke faɗi, nasu kuwa ba kalma ko ɗaya a ciki, sukuwa ce kawai. Sunan ma na makiyaya ne, yana nufin kaboyi, daga kalmar Sifaniyanci ta mai kiwon shanu, ga shi ya yi daidai da sunan maigidan. Wanda ya raɗa wa ƙungiyar shi ne Merle Haggard, da ya yi 'yan makonni yana buga musu bas kafin ya zama babban mawaƙi da kansa.

Abin da ke ba ni dariya shi ne maƙwabtan kiɗan a jadawali. Wanda kiɗan nan ya ture daga sama Eddy Arnold ne, sarkin waƙar Nashville mai guga. Wanda kuma ya ture shi a Janairun 1966 shi ne Red Sovine, da wani faifai da ba rerawa a ciki, labari ne kawai yake bayarwa na wani direban babbar mota, kiɗa na bi a hankali. Kiɗa ba magana ya sauka, magana ba waƙa ta hau. Ka gaya wa abokinka ɗan sana'arsu ne ya sauke abin da yake taƙama da shi.

Ni a 1979 na fara jin sa, a wani kaset da aka kawo mini daga Kano, an cusa shi tsakanin Jim Reeves da Don Williams, ba suna ba komai. “Kiɗan doki” muke ce masa. Lokacin ina da tebur kusa da tasha ina naɗa wa mutane kaset, kuma duk mai wannan sana'a ya san ciwon kan ƙarshen fuska: waƙoƙi sun ƙare, saura zare na minti biyu, in ka bar shi fanko mai kaya ya ce ka cuce shi. Da kiɗan doki nake cikewa. Mutum ya kawo a naɗa masa waƙar noma ko ta Indiya, ya je gida ya tarar da kaboyi a ƙarshe. Ba wanda ya taɓa dawo mini da kaset saboda haka, wasu ma sukan ce, “Mai Faifai, kada ka manta da dokin nan.”

TAMBAYA: Abokina Mai Faifai, ni tsohon malamin lakwal ne a Tibiri, na yi ritaya. Shekara arba'in ina jin waƙoƙin kaboyi. Akwai wani abin kiɗa a ciki mai kuka kamar amaryar da za a kai ɗaki, murya na zamewa sama da ƙasa ba ta yankewa. Ba goge ba ne, na san goge. Mene ne?

AMSA: Mushe, barka da hutawa. Ita ce gitar kwance da na ambata a hannun Tom Brumley. Ba a rataya ta, a kan ƙafafu take kamar teburin mai shayi, mai buga ta yana zaune. Wuya ɗaya yakan ɗauki tsirkiya goma, da yawa kuma wuya biyu gare su. Hannun hagu na riƙe da wani guntun ƙarfe mai santsi yana zame shi a kan tsirkiyoyin, na dama na tsinka, ƙafafu na taka feda, gwiwoyi na tura wasu ƙarafa da ke ƙara wa tsirkiya ɗauri ko su sassauta ta ana cikin kiɗa. Kukan da kake ji daga nan yake fitowa. Duk gaɓoɓin mutum aiki suke, kamar tela a kan keken ɗinki. Asalin zame ƙarfe a kan gita daga tsibirin Hawai ne, a ƙarshen ƙarni na 19. Dabarar taka feda ana tsakiyar sauti kuwa ta bazu ne daga 1954, bayan wani faifan Webb Pierce da Bud Isaacs ya buga masa.

Ba sai ka je Amurka neman ta ba. Abokan wasanku Yarbawa sun riga ku: King Sunny Ade ya shigar da ita kiɗan juju, Demola Adepoju ne ke buga masa. Ka ga Bayarabe ya saye amaryar mai kuka, Bagobiri na Tibiri yana tambayar sunanta.

TAMBAYA: Kawu, ina wuni. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ina karatun tattalin arziki. Kullum ina jin ana cewa waƙa kaza ta zo na ɗaya a Billboard. Wa ke ƙirgawa, kuma me ake ƙirgawa? Shin na ɗaya na nufin ta fi kowace daɗi?

AMSA: 'Yata, lafiya lau, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayarki ta ƙarshe ita ce mai sauƙi: a'a. Jadawali awon kasuwa ne, kamar tiya. Tiya na gaya miki yawan geron da aka auna, ba ta gaya miki ko furarsa za ta yi daɗi ba. Kuma tiyar Billboard an sha canza ta.

Billboard mujalla ce ta 'yan kasuwar nishaɗi, an kafa ta tun 1894. A Janairun 1944 ta fara jera waƙoƙin mutanen karkara, kuma abin da ta fara ƙirgawa shi ne akwatunan kiɗa na gidajen abinci da mashaya, waɗanda ake jefa wa tsaba a zaɓi faifai. Daga baya aka ƙaro jeri na cinikin shaguna da na gidajen rediyo, kowanne daban. A Oktoban 1958 aka haɗe su jeri guda. Don haka lokacin da “Buckaroo” ya hau, abu biyu ake dubawa: rahoton da masu shagunan faifai ke bayarwa na abin da ya fi tafiya, da rahoton gidajen rediyo na abin da suka fi sakawa. Matsayi 50 ne a jadawalin kantiri na wannan shekarar.

Ki lura da kalmar rahoto. Baki ne ke faɗi, ba na'ura ba. Ni da na yi ciniki na san abin da mai shago zai ce in aka tambaye shi wane kaya ya fi tafiya alhali yana da kwali goma na wani faifai da ya ƙi motsi. Ga kuma toshiyar baki ga masu saka faifai a rediyo, wadda ta yi ƙamari har majalisar dokokin Amurka ta zauna a kanta a 1959 da 1960. Ban ce duk jadawalin ƙarya ne ba, faifan da ba a so ba ya zama a sama ko an tura shi, amma tsakanin na ɗaya da na uku akwai wurin sa hannu.

A 1990 aka fara amfani da kwamfuta mai sauraron gidajen rediyo dare da rana tana ƙirga sau nawa aka saka kowace waƙa. A 1991 aka kawo SoundScan, mai ƙirga ciniki daga na'urar karɓar kuɗi ta shago kai tsaye. Nan asiri ya tonu: ashe kantiri na sayuwa fiye da yadda masu shagunan birni ke faɗi, kunya ce ko raini ke sa su rage. A wannan shekarar kundin Garth Brooks ya shiga babban jadawalin kundaye a matsayi na ɗaya tun makon fitowarsa, abin da ba a taɓa ganin kundin kantiri ya yi ba. A Oktoban 2012 kuma aka zuba saye da sauraro ta intanet cikin lissafin jadawalin kantiri.

Ga abin da zai yi miki amfani a aji. Buck Owens ya taɓa yin mako 16 a sama da waƙa guda, daga ƙarshen 1963 zuwa farkon 1964, kuma aka yi shekara kusan hamsin ba wanda ya kamo shi. Ana canza ma'auni a 2012, shekara na zagayowa wata waƙa ta yi mako 24, a 2017 wata ta yi 34, a 2018 wata ta cika 50. Mawaƙan ba su ninka na da iyawa sau uku ba, tiyar ce aka sauya. Duk wanda ya kawo miki lambobin zamani biyu ya jera, ki fara tambayarsa da me aka auna kowanne.

Mu nan fa? Billboard ta buɗe jadawalin Afrobeats a 2022, amma abin da ake saurara a Amurka yake aunawa. Waƙar da ta cika Maraɗi ta hanyar memori take yawo, daga mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa zuwa salula, daga salula zuwa salula ta Bluetooth da WhatsApp, ba mai ƙirgawa. In kina son namu jadawalin, ki tsaya a bakin babbar kasuwa ranar Juma'a da littafi, ki rubuta abin da ke tashi daga adaidaita da shagunan masu caji na awa biyu, ki ƙara da gidan biki uku. In kika yi haka mako goma a jere kin fi masu rahoton 1965 gaskiya, kuma kin samu abin rubuta kundin kammala karatu.

TAMBAYA: Babban yaya, gaisuwa da ban girma. Ni makaɗin kalangu ne daga wajen Madarumfa. Shekara goma sha biyar ina bayan wani mawaƙi. Ni ke tsara kiɗan, wani lokaci har amshin ni ke kawowa. In an naɗa a sutudiyo sunansa kaɗai ake faɗi, in an yi liƙi shi ke rabawa yadda ya ga dama. Wasu na zuga ni in ɓalle in kafa tawa ƙungiya, tunda ko a Turai yaran mawaƙa na fitar da nasu faifan su yi suna. Ina da mata da 'ya'ya biyar. Me ka gani?

AMSA: Ƙanena, wasiƙarka na ajiye ƙarshe don ita ta fi taɓa ni. Na tsaya inda kake tsaye. Kafin teburin kaset ya riƙe ni, na yi shekara huɗu ina buga gitar rakiya a bayan wani mawaƙi da ba zan kama sunansa ba. Akwai daren wani biki da aka yi liƙi har takardun kuɗi suka rufe tabarma, yaro biyu ke tsincewa a buhu. Da asuba ya kira mu ɗaya ɗaya ya ba kowa dala ɗari, ko kuɗin sabuwar tsirkiya ba su kai ba, ni kuwa biyu na tsinka a daren. Na yi fushi na ajiye gita. Abin da ban lissafa ba shi ne, ba wanda ya taɓa gayyatar mai gitar rakiya biki shi kaɗai.

Masu zuga ka sun ji rabin labari ne. Bari in ba ka uku daga can, ka auna.

Akwai Statler Brothers, su huɗu, 'yan amshin Johnny Cash tun daga 1964. A 1965 suka fitar da waƙarsu ta kansu, ta kai na 2 a jadawalin kantiri, na 4 a Hot 100, ta ciyo musu lambar Grammy. In ni ne a shekarun ƙuruciyata, washegari zan yi sallama da maigida. Su kuwa suka ci gaba da tsayawa bayansa suna amshi har 1972. Dandalinsa suka mayar gonarsu, duk garin da ya je da su yakan ba su fili su yi tasu, har masu sauraro suka san su da fuska. Ranar da suka tafi da izininsa suka tafi, kuma sun yi shekara talatin suna cin gashin kansu.

Akwai Sawyer Brown. Su ba ɓallewa suka yi ba, maigidansu Don King ne ya daina yawon wasa a 1981 ya bar su a tsaye. Suka ƙi watsewa, suka yi ta bin ƙananan gidajen rawa, har suka ci wata gasar talabijin mai kyautar dala 100,000, dalar Amurka fa, ba tamu ta faran biyar ba. A 1985 suka zo na ɗaya. Amma a cikinsu akwai mai murya kuma mai tsara waƙa, Mark Miller. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: in ka ɓalle, wa zai riƙe baki? In kai ne, ka taɓa riƙe taro na awa uku da muryarka?

Na uku su ne Buckaroos ɗin da muka faro da su, kuma nasu ya fi kama da naka. Sun samu abin da makaɗi ke mafarki. Maigida na kiran sunan kowa a dandali. Sun buga a zauren Carnegie na birnin Niyok a Maris 1966, sun je Japan a 1967. Ƙungiyar masu kiɗan kantiri ta CMA ta ba su lambar gwanayen makaɗa a 1967, shekarar da aka fara bayar da lambobin, ta sake ba su a 1968. Capitol ta fitar musu da kundaye da sunansu su kaɗai. Duk da haka, faya-fayan da suka fitar ba sunan Buck a gaba ba wanda ya kusanci saman jadawali. Hannuwan nan dai su ne, gitar ita ce, amma mai saye suna yake nema. Tom Brumley ya tafi a 1969 ya koma bayan wani mawaƙin, Rick Nelson. Doyle Holly ya tafi a 1971 don ya yi waƙa da kansa, ya ɗan taɓa kasuwa, bai kai inda ya baro ba.

Don Rich bai tafi ko'ina ba. Tun yana ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai Buck ya gan shi yana goge a garin Tacoma, a 1960 ya bar karatu ya bi shi, Buck ya koya masa salon gitarsa har ya fi shi, ya sakar masa gaba. Muryarsa ce kuma ke bin ta Buck a amshi, har ba ka rabe su. Ranar 17 ga Yulin 1974 ya tashi daga aiki da dare a kan babur zai je ya iske iyalinsa a bakin teku, ya yi haɗari ya mutu yana da shekara 32. Daga nan aka gane wa ke riƙe da wa. Buck ya ci gaba da fitowa a talabijin yana dariya, amma kasuwar faifansa ta kwanta, shi kansa ya sha faɗin cewa daɗin abin ya tafi tare da Don. Mutumin da ya saba zuwa na ɗaya sau uku sau huɗu a shekara bai ƙara hawa ba sai a 1988, shi ma wani matashi ne, Dwight Yoakam, ya je har Bakersfield ya jawo shi suka yi tare.

To ga abin da na gani, tunda ka tambaya. Kada ka ɓalle cikin fushi da 'ya'ya biyar a gida. Ka samu maigidanka ranar da ba biki, ba a gaban yara ba, ka je da wani dattijo da yake jin nauyinsa. Abu uku za ka nema. A yanka rabon liƙi tun kafin a fita, kashi nawa nasa, kashi nawa na makaɗa, kowa ya ji da kunnensa. In an shiga sutudiyo ya ambaci sunanka a cikin waƙa, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, manyan mawaƙan Hausa sun sha kiran makaɗansu ana tsakiyar waƙa. Na uku, ya ba ka fili a kowane wasa, kafin ya fito, ka yi kiɗa zalla da yaranka, naka na kanka, wanda za a riƙa cewa na wane ne. In ya yarda da biyu cikin uku, zauna. In ya ƙi duka, ka fara neman mai murya a hankali, kuma kada ka ajiye kalangu sai ka ga biki uku a hannunka.

Kiɗan nan naka kuma kada ya wuce minti biyu. In ka naɗa, ka aiko mini ta hannun masu mujalla. Rakodata ɗaya na aiki har yanzu, kuma ina da wani kaset da na fara cikawa tun bara, fuska ta biyu akwai sauran zare.